Birkin da Malam Ya Sa a Hannuna

Ran nan da Kabiru ya kawo 'yan gwangwan su duba motar babanku da ke bayan rumbu, ina daga ɗaki ina jin su. Sun kori kajin da ke kwana a cikinta, sun zagaya ta, sun ƙwanƙwasa nan sun ƙwanƙwasa can, sannan suka ce a turo ta fili su gan ta da kyau. Ƙarti majiya ƙarfi suka sa kafaɗa suna ta nishi, mota ko gezau. Na ji Kabiru yana ce musu tsatsa ce ta kama tayoyin baya, su dawo wani makon da abin yanka ƙarfe. Ban ce uffan ba, don ba na kunyata ɗana a gaban baƙi. Amma tunda na ga kun girma kuna ɗaukar motar nan a matsayin wautar da mahaifinku ya tafka, wadda ta cinye mana shanun noma ta sa kuka yi damina guda kuna huɗa da hannu, gara in zauna in faɗa muku yadda abin yake tun ina da sauran numfashi. Wahalar kun sha ta, ban ce ba ku sha ba. Abin da ba ku gani ba shi zan rubuta.

Manyan cikinku za su tuna ranar da aka shigo da ni gidan nan a kan ƙyauren ƙofa. Da safe na fita da ƙafata zan je gaida Inna, mahaifiyata, a ƙauyensu da ke hayin rafi ta wajen Bakori, da ƙunshin daddawar da ta ce in kai mata. A gangaren da ke sauka rafin wayar birkin ɗan acaɓa ta tsinke. Ina bayansa ina jin yana ta taka ƙarfen da babu komai a cikinsa, babur yana ƙara gudu, ga wani baƙin dutse a gindin gangaren yana tahowa. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai babanku shi ne, ba faɗuwar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Wannan ɗan lokacin ne da nake zaune da hannuwana biyu lafiya lau, amma babu abin da zan kama in ce tsaya. Daga ranar ƙafafuna suka yi sallama da ni. Likita a Funtua ya ce in ana so in daɗe, kada a bari bayana ya sha jijjiga. Aka dawo da ni, aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, nan duniyata ta tsaya.

Inna kuwa tsufa ya riga ya zaunar da ita tun kafin wannan. Sai ya zama ni a kwance a wannan bakin hanya, ita a kwance a wancan, kuma hanyar da ke tsakaninmu ba ta mota ba ce. Siririya ce tsakanin gonaki, babur da amalanke kaɗai ke bin ta. An taɓa gwada ɗora ni a amalanke da katifa biyu, ba mu wuce masallacin Idi ba na suma don azaba, aka juyo da ni. Daga nan na haƙura, na ce sai dai mu haɗu a gaban Ubangiji.

Shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama girbin masara, kawunku Haruna, ƙanena, ya zo ya zauna a bakin tabarmata yana ta wasa da makullin babur ɗinsa. Na san shi tun yana tsumma, in ya fara haka akwai magana.

"Yaya, Inna fa hankalinta ya fara tafiya. An faɗa mata abin da ya same ki ba sau ɗaya ba, ta yi kuka, gobe ta manta. Kullum da hantsi sai ta ce a share ƙofar ɗaki, wai Saude tana hanya, za ta kawo mata daddawa."

Babanku yana gefe yana kwance injin ban-ruwan wani. Bai ɗago kai ba, amma na ga sifanar da ke hannunsa ta daina juyawa.

Kun san Malam, babanku, manomi ne, amma ƙarfe ne abin da zuciyarsa ke so. Injin niƙa, injin ban-ruwa, garmar shanu, duk wanda ya lalace daga nan har Malumfashi a ƙofar gidanmu yake kwana. Tun kafin haɗarina ya fara haɗa wata 'yar mota don nishaɗin kansa. Ya yi mata firam, wato ƙashin jikinta, da bututun ƙarfe, ya ɗora injin wani keke mai ƙafa uku da ya yi karo, ya sa sitiyari da tayoyin gaba. Bayanta kuwa babu komai, a kan turame biyu da suka fashe take zaune. Ni kaina na sha yi masa tsiya, ina cewa ya haifi jaki mai ƙafa biyu. Da na kwanta ya rufe ta da buhuna, bai sake kallonta ba. Washegarin zuwan Haruna na ga ya yaye buhunan, ya ɗauki igiya ya fita. Ashe hanyar rafi ya bi yana auna faɗin sawun amalanke, har wuraren da ta fi matsewa tsakanin shingen gonaki. Ya dawo da ƙulli a jikin igiyar, ya ce iyakar faɗin motar ke nan.

Kayan baya sai an saya, kuma ba na wasa ba ne. A satin ya kora shanun nan biyu kasuwa, Baƙi da Goshi, waɗanda kuke kuka a kansu har yau. Baffanku Alhaji Mamman, yayan Malam, ya shigo gidan nan ko sallama bai ƙarasa ba.

"Sule, kana da hankali kuwa? Da me za ka yi huɗa bana? Da wannan kwarangwal ɗin?"

"Da hannu, Yaya."

"Kamfanonin duniya suna ƙera mota, kai za ka ƙera a gindin darbejiya. In ka ƙarasa kashe 'yar mutane fa?"

"Shi ya sa ba zan yi gaggawa ba. Amma in ruwa ya sauka rafi ya cika, sai wata shekara, kuma ban san ko Inna tana da wata shekarar ba."

Alhaji ya juyo ya kalle ni, yana jiran in goyi bayansa. Gaskiya a zuciyata ina tare da shi. Amma na sunkuyar da kai, don ban taɓa jin Malam ya mayar wa yayansa magana ba sai ranar.

Daga Funtua aka sauke kayan. Akwai aksil, wato doguwar sandar ƙarfen da tayoyin baya ke juyawa a bakinta biyu, na wata tsohuwar ƙaramar mota. Akwai sifirin na akori-kura, fallayen ƙarfe dogaye da aka jera wani kan wani aka ɗaure. Akwai shokozoba sababbi, da robobi, da kayan birki a cikin kwali. Ya baje su a tsakar gida inda zan iya gani, don ya ce ba zai yi aikin a waje ba. Aksil ɗin ya fi ƙullin igiyarsa tsawo, sai ya yanke shi ya rage, ya sake haɗa shi da walda, yana juya shi a kan turmi yana duba shi da ido ɗaya a rufe. In ya ga ya ɗan karkace sai ya fasa ya sake. Na ƙirga masa sakewar nan har na gaji na bari. Mutumin da ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa daidai, sai ga shi yana faɗa da karkatar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba.

Sifirin ɗin ne ya fi ba ni mamaki. An yi shi ne don ɗaukar buhunan hatsi, saboda haka da ya ɗaura shi ya hau ya yi tsalle, motar ko motsi. Ya kwance shi, ya zare falle ɗaya, ya goge sauran da yashi har suka yi ƙyalli, ya shafa musu giris a tsakani don su riƙa zamewa a jikin juna, ya mayar. Sannan ya ɗauko buhu ya fara zuba masara a ciki. Ya zuba, ya rungume shi ya ɗaga, ya ajiye, ya ƙara kwano, ya sake ɗagawa, ya rage 'yar kaɗan. Na tambaye shi ko awon zakka yake yi.

"Ke nake aunawa."

"Da wane sikelin?"

"Safe da yamma ina ɗaukar ki, Saude. Hannuwana sun san nauyinki."

Na ja mayafi na rufe fuskata kamar rana ce ta dame ni. Duk tsawon kwanciyata ina ganin kaina kaya ne da aka ɗora wa bawan Allahn nan, ina jin kunyar kowace ɗauka. Ban taɓa zaton yana riƙe da nauyin nan a jikinsa kamar yadda ake riƙe karatu ba.

Ya ɗora buhun a kujerar baya, wadda ya yi ta doguwa yadda zan miƙe ƙafa, ya ɗora ƙwarya cike da ruwa a kan buhun. Ya shimfiɗa itace a tsakar gida, shi da Haruna suka tura motar ta haye. Ruwa ya watse har kan kaza. Ya sake kwancewa, ya zare wani fallen. Wannan karon bayan ya yi laushi da yawa, tana ta lilo kamar gadon yara bayan ta wuce itacen, sai ya gyara zaman shokozoba, ya ce aikinsu ke nan, su hana sifirin ci gaba da rawa bayan an daina kiɗa. Haka aka yi ta yi, rani yana tafiya, tsakar gidana kullum a jiƙe. Har wata ranar Laraba da la'asar suka tura ta. Na ga tayar baya ta hau itacen, na ga fallayen ƙarfen nan sun miƙe a hankali sun karɓi dukan, taya ta sauka, kujera kuwa kamar ba a gaya mata an yi wani abu a ƙarƙashinta ba. Ruwan ya yi ɗan murmushi a bakin ƙwarya ya koma ya kwanta. Ƙarfe fa, abin da na sani da tauri da yanka, shi ne Allah ya hore wa mijina har ya koya masa tausayi. Haruna ya yi ta salati. Malam ya juyo yana share gumi, fuskarsa kamar ta yaron da ya sauke allo.

A nan na ɓata masa rai, kuma ban yi nadama ba, don gaskiyata na faɗa.

"Malam, aiki ya yi kyau. Amma ba zan shiga ba."

Ya tsaya da tsumma a hannu.

"Ba jijjigar nake tsoro ba. Gangaren nan ne. Ba zan sake zama a bayan wani ina kallon dutsen nan yana tahowa, hannuna babu abin kamawa ba. Ko kai ne a gaba."

Shanu sun tafi, rani ya kusa ƙarewa, gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma. Na jira ya yi faɗa, ko ya ce in dubi Allah in dubi Inna. Ya wanke hannu ya tafi masallaci, ya dawo ya ci tuwonsa. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Da safe bayan ya gyara ni ya zaunar da ni, sai ya jawo wata tabarma ya haɗa da tawa, ya juye kwalin kayan birki a gabana.

"Tunda ba ki yarda da abin da ba ki gani ba, ke za ki haɗa."

Ya sa na wanke hannu da toka, ya ce birki da maiƙo ba sa ga maciji, ko na man gyaɗar da ke yatsa ne. Ya nuna mini wani kwanon ƙarfe mai nauyi da suke kira durom, wanda ke juyawa tare da taya. Ya nuna mini wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, da abu mai kaushi manne a bayansu, waɗanda ke zama a cikin kwanon ba sa taɓa shi. Akwai 'yan ƙananan sifirin da ke jawo su su tsuke, akwai kuma wani ɗan harshe da waya ke ja. Ya jawo motar har bakin tabarma, ya ɗaga bayanta a kan turamen nan, ya jingina ni da buhun masarar da ke matsayina, muka fara. Shi yana riƙe ƙarafan a mazauninsu, ni ina maƙala ƙananan sifirin. Masu taurin kai ne, sai an ja da gaske, amma tun da hannuwana suka zama ƙafafuna sun yi ƙarfin da shi kansa bai sani ba. Na sa ɗaya a juye, ya bar ni har na gama, sannan ya ce in duba ɗaya gefen in gaya masa bambanci. Na gano da kaina, na cire na gyara, ina yi masa mitar me ya hana ya faɗa tun farko. Ya ce wanda aka faɗa wa yana mantawa.

Da muka rufe kwanon, ya ɗaura taya, ya miƙo mini bakin wayar da ya naɗe a jikin guntun icce. Ya sa hannu biyu ya juya tayar da ƙarfi har tana kuka.

"Ja."

Na ja. Tayar ta tsaya cak, kamar an kira sunanta. Na saki, ya sake juyawa, na sake ja, ta sake tsayawa. Na san abin da ke faruwa a cikin duhun kwanon nan, don ni na jera su: jinjirin watan nan biyu suna buɗewa su dafe bango, gudu ya mutu. Wallahi 'ya'yana, na ga abubuwa a rayuwata, na ga jirgin sama, na ga Ka'aba da idona daga baya, amma ban san ranar da girman ikon Allah ya cika mini ƙirji kamar wannan hantsin ba. Ƙaramar waya, da yatsun macen da ko tsakar gidanta ba ta iya tsallakawa, su ce wa abu mai gudu tsaya ya tsaya. Na yi ta sa shi yana juyawa ina ja, har ya ce kafaɗarsa ta gaji, shi ba injin niƙa ba ne.

Birkin ƙafa na wajen direba shi da Haruna suka ƙarasa shi, suka ja siraran bututun mai zuwa kowace taya, ɗaya yana sama yana dannawa, ɗaya yana ƙasa yana fitar da iska, ina jin su suna ta danna, riƙe, saki, har feda ta yi tauri. Amma sandar birkin hannu, wadda a kowace mota take kusa da direba, Malam bai sa ta a can ba. Ya ƙara wa wayar hanya, ya kafa sandar a baya, daidai inda hannuna na dama zai sauka in na zauna. Ya naɗe mariƙinta da fatar akuya don kada ta yi mini zafi a rana.

Alhaji Mamman ya zo ganin ƙarshen aiki, ya leƙa, ya ga sandar.

"Yanzu kai kana tuƙi, birki yana hannun mace a baya? In ta tsorata ta fizge muku a tsakiyar hanya fa?"

"Sai mu tsaya, Yaya."

Alhaji ya durƙusa yana taɓa ƙarƙashin motar, sai ya ji notunan da ke riƙe bakin sifirin suna juyawa da yatsa. Ya miƙe yana cewa ga irinta nan, mutum ya sayar da shanu ya manta ɗaure noti. Malam ya ce da gangan ya bar su. A cikin kowane akwai roba, in aka ɗaure ta mota tana sama babu kaya, ranar da nauyi ya hau sai ta murɗe, ta yi ta zama a murɗe har ta yage. Ana ɗaure su ne mota tana ƙasa, ɗauke da nauyin da za ta rayu da shi. Alhaji ya ce to ga buhu nan, a ɗora. Malam ya girgiza kai.

"Buhu na gwaji ne. Ɗaurin ƙarshe sai da mai wurin."

Dukansu suka juyo suna kallona. A daren jiyan an yi yayyafin farko, ƙasa tana ta ƙamshi, kuma Haruna ya aiko cewa Inna ta daina karɓar tuwo sai kunu. Na ce a ɗauke ni. Malam ya ɗora ni a kujerar, na ji motar ta ɗan nutse a ƙarƙashina ta tsaya, kamar ta gane ni. Kafin in gyara zama hannuna ya riga ya kama sandar, na ja ta har ƙarshe. Ya shiga ƙarƙashi da sifana. Ina zaune ina jin kowane ɗauri yana hawowa ta cikin ƙarfe har ƙashin bayana, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji da ya zo faɗa, shi ya ƙare yana miƙa masa sifana.

Washegari da hantsi muka fita, da ƙunshin daddawa a cinyata. Ku kuna bayanmu da yaran unguwa kuna ihu har bakin gari, wannan kam kun tuna. Na ga gonaki an fara sharar su, na ga kukar da ke mararraba, na ga matan da na sani suna tsayawa da tulu a ka suna riƙe baki. Motar tana ƙara kamar injin niƙa, tana tafiya kamar jaki mai ciki, amma kunyoyin gona da ramuka suna wucewa ta ƙarƙashina ba su taɓa ni ba. Sau biyu na ja birki babu dalili, don in tabbatar. Sau biyu muka tsaya, Malam bai ko waiwayo ba, ya jira har na saki.

Da muka iso kan gangaren ban san lokacin da na fizge sandar ba. Ga rafin can ƙasa da ɗan ruwa iya idon sawu. Ga dutsen yana nan inda na bar shi. Malam ya bar inji yana aiki, ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari, ya yi magana bai juyo ba.

"Ƙafata tana kan nawa, kuma nawa yana ci. Amma ba zan motsa ba sai kin saki naki. In kin ce mu koma, mu koma, babu wanda zai ji daga bakina."

Ban san iya lokacin da muka yi a wurin ba. Wani mai shanu ya zo ya kewaye mu ya wuce yana waiwaye. Na kalli hayin rafi, na tuna ana can an share ƙofar ɗaki. Na yi bisimilla, na danna kan sandar da babban yatsa, na sauke ta kaɗan, ba duka ba. Motar ta fara gangarawa, ina jin ƙarafan da na jera da hannuna suna gogar kwanonsu, suna riƙe da mu. In na ƙara ja ta rage, in na sassauta ta ƙara. Ni nake ba ta gudu da awo kamar gishiri a miya. Muka zo daidai dutsen a hankali har na ga ƙadangare a kansa yana shan rana. Dutse ne kawai, bai ma kai girman da yake da shi a mafarkina ba. Na sauke sandar gaba ɗaya, tayoyi suka shiga ruwa, muka haye.

Malam ya ɗauke ni ya shigar da ni ɗakin, ya kwantar da ni a gefen Inna, ya fita. Ta ƙanƙance kamar yarinya. Ta lalubo fuskata da hannu, ta shafa, ta gangaro ta kama yatsuna.

"Saude ce?"

"Ni ce, Inna."

"Kin daɗe a hanya."

"Na daɗe, Inna. Hanyar ce ba kyau."

"Kin zo da daddawar?"

Na sa mata ƙunshin a hannu. Ta kai hanci ta shinshina, ta ce wannan ta yi, ba irin ta kasuwa ba. Ranar ta sha miyar kuka da ɗan tuwo. Na kwana uku a gefenta muna hira, rabi da ni take yi, rabi da mutanen da suka daɗe da rasuwa. Muka dawo ana gobe ruwan da ya cika rafi zai sauka. Kafin masara ta kai gwiwa Allah ya karɓi abarsa, kuma Haruna ya ce tun daga zuwana ba ta sake cewa a share ƙofa ba.

Daminar nan kun yi huɗa da hannu, babanku yana gaba, tafukansa suka fashe har ba ya iya riƙe sifana. Amfanin da muka samu bai kai na kullum ba, kun ci tuwon dawa babu mai har kaka ta zagayo. Ban manta ba, kuma shi ma bai manta ba har ya koma ga Allah. Motar ta yi mini shekaru tana kai ni suna da biki da gaisuwar mutuwa, ta kai ni na ga ɗakin kowace 'yata. Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, wata rana muka dawo daga asibitin Malumfashi, wannan karon shi aka duba ba ni ba, ya zagaya da ita bayan rumbu ya kashe inji. Ya daɗe zaune yana numfashi, sannan ya ce, "Saude, ja birkinki." Na ja har ƙarshe. Ya ɗauke ni ya kai ni ɗaki yana tsayawa a hanya yana hutawa, kuma wannan ce ɗaukar da ya yi mini ta ƙarshe.

Saboda haka Kabiru, ba tsatsa ba ce. In ka leƙa kujerar baya ta hannun dama za ka ga sanda mai mariƙin fata tana tsaye. Ka gaya wa mutanenka kada su wahalar da kansu da abin yanka. Ranar da kuka dawo daga kai ni makwancina, wanda ya ga dama a cikinku ya danna kanta da babban yatsa ya sauke ta, za ku ga motar ta tafi da turin mutum ɗaya. Kafin nan ku bar ta yadda take, ban saki ba tukuna.